Mutum goma nawa

Akwai wani dare da har yanzu in na tuna sai kunya ta kamani. Na kai wajen awa uku ina musu da wani mutum a Facebook wanda ban taɓa gani ba, ban ma tabbata mutum ne ko wani ne aka biya ya riƙe akawun goma ba, muna ta jifan juna da magana akan wai dimokuraɗiyya ta mutu ko bata mutu ba, ni ina kawo hujja shi yana kawo zagi, har batirina ya kusa ƙarewa. Ƙanwata tana zaune a gefe tana nata danne-dannen, sai kawai na juya nace mata ke wai ina katin zaɓenki ma? Ta ɗago ta kalleni tace "Yaya ai ni ban taɓa yin rajista ba." Nace ban gane ba. Tace wallahi bata taɓa ba, kuma babu wanda ya taɓa ce mata taje, ita ta ɗauka abin na masu siyasa ne irinmu.

Irinmu fa tace. Ni da nake ganin kaina a matsayin mai wayar da kan al'umma, shekara da shekaru ina rubuta dogayen sharhi ana min layik, ashe a ɗakin da nake zaune akwai ƙuri'a guda da ban taɓa waiwaya ba. Shi wancan da nake musu dashi ko zamu kwana muna yi ba zai sauya ra'ayi ba, ita kuwa tambaya ɗaya kawai take jira.

To daga nan ne na fara abin da nake kira mutum goma nawa, zan zo kansa, amma bari in fara faɗin halin da nake ciki kafin nan don nasan da yawanku kuna cikinsa. Na gaji. Gajiya irin wadda in kaji an ce zaɓe sai kaji ranka ya ɓaci. Kayi layi, ka jefa, wanda ka zaɓa ya faɗi ka ce an yi maguɗi, ko kuma ya ci ya hau ya zama ya fi wanda ka tsana muni, wannan ma ya fi ciwo. Kullum labari ɗaya, an kama ɗan jarida, an kori alƙalin da ya yanke hukuncin da bai yiwa gwamnati daɗi ba, ana so a taɓa tsarin mulki don wani yayi tazarce. Har na fara faɗin abin da mutane ke faɗi, da muguwar rawa gara ƙin tashi, kuma ina faɗinsa da wani irin alfahari kamar na gano wani sirri da talakawa masu bin layi basu gano ba.

Abin da ya fara girgiza min wannan tunanin Tunisiya ce. Ƙasar da aka ce ita kaɗai ta tsira da dimokuraɗiyya daga guguwar juyin juya halin ƙasashen Larabawa ta 2011, a ranar 25 ga Yulin 2021 shugaba Kais Saied ya dakatar da majalisa ya sallami firaminista, kuma mutane da yawa suka fito titi suna murna don sun gaji da rigimar 'yan majalisa da tsadar rayuwa, ba wanda zai ce gajiyarsu ƙarya ce. Da aka zo zaɓen majalisa a Disambar 2022 kusan kashi 11 cikin 100 ne kawai suka fita. Kashi 89 sun zauna a gida, wasu ƙauracewa suka yi da gangan wasu kuma sun daina damuwa ne kawai. Kuma me ya faru? An rantsar da majalisar, gwamnati ta cigaba da abinta, aka bi manyan 'yan adawa aka kulle. Ni a da ina ɗauka in mutane suka ƙi fita mai mulki zai ji kunya, ashe wanda ke son ya riƙe mulki shi kaɗai zaman ka a gida kyauta ce ka bashi, bai ma sha wahalar sace ƙuri'arka ba.

Kuma yawancin masu kashe dimokuraɗiyya na zamanin nan basa zuwa da tankar yaƙi, duk da dai mun ga masu tankar ma, Mali a 2020 da 2021, Gini 2021, Burkina Faso sau biyu a 2022, Nijar da Gabon a 2023. Amma ɗaya salon ya fi wuyar ganewa don a hankali yake tafiya kuma komai da takarda da sa hannu. Ku duba Hungary, Viktor Orban ya ci zaɓen 2010 da kashi biyu cikin uku na kujerun majalisa, ba sata ba, cin gaske, sai yayi amfani da rinjayen ya kawo sabon kundin tsarin mulki a 2011, aka rage kujerun majalisa daga 386 zuwa 199, aka sake yanka mazaɓu, aka taɓa kotuna, kafafen yaɗa labarai suka dinga komawa hannun na kusa dashi ɗaya bayan ɗaya. Babu ranar da mutum zai nuna yace yau ce ranar da abin ya lalace. Kowane mataki ƙarami ne, in kayi ihu a ce ka cika zuzutawa, in kayi shiru kuma a wuce zuwa na gaba. Irin wannan yanayin shi yake gajiyar da mutum, don ba zaka iya yin fushi kullum ba, jiki ba zai ɗauka ba.

To me mutum ɗaya zai yi? Nan ne na ci karo da wani bincike da ya bani haushi da farko don ya nuna min shekarun da na ɓata. Wasu malamai biyu na jami'ar Yale a Amurka, Alan Gerber da Donald Green, a zaɓen 1998 suka ɗauki masu rajista kusan dubu 30 a birnin New Haven suka rarraba su kamar yadda ake gwajin magani, wasu aka aika musu wasiƙa, wasu aka kira su a waya, wasu aka je har ƙofar gida aka yi musu magana ido da ido, wasu kuma aka ƙyale su. Bayan zaɓe suka duba rajista suka ga su wa suka fita. Kiran waya kusan bai yi komai ba, wasiƙa ta ɗan motsa kaɗan, amma waɗanda aka je aka tsaya a gabansu aka yi magana, fitarsu ta ƙaru da wajen kashi 8 cikin 100. Mutum ne kawai ya tsaya a ƙofa yace zaɓe ya kusa don Allah ka fita. Kuma waɗannan baƙi ne fa suke ƙwanƙwasa ƙofar, to ina ga wanda ya sanka, wanda kuke gaisawa kullum, wanda zai ji nauyinka in ka sake tambayarsa?

Shine na ɗauki biro na rubuta sunan mutum goma. Sharaɗina biyu ne, dole ya zama wanda na sani sosai har zan iya zuwa inda yake ba tare da na nemi izini ba, kuma dole ya zama wanda bai yi zaɓen da ya wuce ba. Ban sa 'yan gurup ɗinmu na siyasa ba don su ko ba ni zasu fita, wa'azi ga wanda ya riga ya tuba ɓata yawu ne. Ƙanwata ce ta ɗaya. Akwai abokin aikina, akwai wata dattijuwa maƙwabciyarmu, akwai wasu samari biyu da suka cika shekarun zaɓe kwanan nan, da sauransu. Kuma na yiwa kaina alkawari ba zan ce musu ga wanda zasu zaɓa ba sai in sun tambayeni, wannan ya min wuya ƙwarai don ni mutum ne mai ra'ayi kuma bakina baya shiru, amma na lura da zarar ka ambaci ɗan takara shikenan hira ta koma musu, mutum ya fara kare kansa, ya ɗauka an turoka ne ko an baka wani abu.

Abin da na gano ya bani mamaki. Ni na shirya ne da dogon bayani akan haƙƙin ɗan ƙasa da tarihin gwagwarmaya, ashe yawancinsu matsalarsu ba ta falsafa bace ko kaɗan. Ɗaya ya sauya unguwa bai san ana iya mayar da rajista ba. Ɗaya katinsa ya ɓata yana ganin in yaje za a tsare shi da tambayoyi. Samarin nan biyu basu san inda ake yi ba kuma suna jin kunyar tambaya kar a ce basu waye ba. Ƙanwata kuwa rakiya kawai take so, ranar da muka je muka daɗe a layi tana ta min tsiya wai dama haka dimokuraɗiyyar taku take, tsayuwa ce kawai. Nace eh, yawancinta tsayuwa ce.

Dattijuwar ce ta tsaya min a rai. Na je na gaisheta na zauna, na kawo zancen a hankali, tace "Ɗan nan, ni na yi zaɓe tun kafin a haifeka, me na samu?" Na buɗe baki zan fara jero dalilai sai naga gara inyi shiru, don in gaskiya za a bi bani da amsar da zata gamsar da ita, ta ga gwamnatoci sun zo sun wuce kuma rayuwarta tana nan inda take. Nace Mama gaskiyarki ne. Muka yi hirar wasu abubuwa na tafi. Bayan sati biyu na koma, ba zancen zaɓe, gaisuwa kawai. A zuwa na uku ita da kanta ta ɗauko maganar, ashe abin da ya hanata fita a karon baya ƙafa ce, bata iya doguwar tsayuwa, kuma ranar ƙarshe da taje an yi turereniya har aka kusa kayar da ita. Duk wancan "me na samu" ɗin gaskiya ne amma a ƙarƙashinsa akwai ciwon gwiwa. Nace Mama in ranar tazo ni zan kaiki, zan ɗauko kujera, kuma zan yiwa malaman zaɓe magana a fara da tsofaffi. Tayi dariya tace to Allah ya kaimu. Babu wani fosta ko bidiyo a duniya da zai gano wannan ciwon gwiwar.

Nasan wani zai ce mutum goma me zasu canza a ƙasa mai miliyoyi. Tambaya ce mai kyau kuma ba zan yi ƙaryar cewa kowane zaɓe da ƙuri'a goma ake cinsa ba. Amma yana faruwa fiye da yadda muke zato, musamman a ƙananan kujeru da ba wanda ke kallo. A jihar Bajiniya ta Amurka a 2017 wata kujerar majalisar jiha an tashi kunnen doki, kowa ƙuri'a 11,608, sai da aka rubuta sunaye aka jefa a kwano aka zaro ɗaya, kuma wannan kujerar ce ta bar wa jam'iyyar Republican rinjayen 51 da 49 a majalisar. Ka yi tunanin mutumin da ya kwanta a gida ranar yace gobe ma rana ce. A Gambiya kuma tazarar da ta kawo ƙarshen mulkin Yahya Jammeh na shekara 22 bata kai ƙuri'a dubu 20 ba.

Bari in ɗan daɗe akan Gambiyar nan don ina son labarin. A 2016 babu mai hankalin da zai ce Jammeh zai faɗi. A watan Afrilun shekarar an kama ɗan adawa Solo Sandeng don ya fito neman gyaran dokar zaɓe, ya mutu a tsare, jagoran babbar jam'iyyar adawa Ousainou Darboe ya fito neman ba'asi shima aka ɗaure shi. Wato duk wata hujja ta cewa zaɓen nan wasan yara ne, kar ka wahalar da kanka, tana nan a cike. Amma jam'iyyun adawa bakwai suka haɗiye girman kai suka tsayar da mutum ɗaya, Adama Barrow, ɗan kasuwar gidaje da ko a cikin ƙasar ba kowa ya sanshi ba. Daren jajibirin zaɓe gwamnati ta katse intanet da kiran ƙasashen waje. Duk da haka ranar 1 ga Disamba mutane suka fita suka jefa duwatsun gilas ɗinsu a cikin ganguna, don su haka suke zaɓe, kowane ɗan takara da gangarsa, in ka jefa ƙararrawa tayi ƙara. Abin da mutane basu cika ambata ba shine a wannan zaɓen a rumfa ake ƙirgawa nan take a gaban wakilan kowa, ba a ɗauki gangunan an tafi dasu wani ɗaki ba. Jammeh ya amsa kaye, bayan mako guda ya dawo yace bai yarda ba, amma alƙaluma sun riga sun fita hannunsa, ECOWAS ta taso da sojoji, a Janairun 2017 ya hau jirgi ya bar ƙasar. Eh sojojin maƙwabta sun taka rawa, amma da mutane basu fita sun jefa ba, me sojojin zasu zo karewa?

Wannan ya kawo ni rabin aikin da muke mantawa dashi. Mun saba jin a kasa, a tsare, a raka, kuma duk wanda ya fara haɗa kalmomin nan ya san aikin, don jefawa ita ce mafi sauƙi. Wanda ya tsaya har aka ƙirga, ya ga an rubuta a takardar sakamako, ya ɗauki hotonta da wayarsa, shi ne yake riƙe da abin da kotu zata iya dubawa. A Malawi zaɓen 2019 an bayyana shugaba mai ci a lokacin, Peter Mutharika, a matsayin wanda ya ci, amma takardun sakamako da yawa an goge alƙaluma da farin ruwan gogewa na Tipp-Ex an sake rubutawa, 'yan adawa suka kwashi takardun suka kai kotu, mutane suka yi watanni suna zanga-zanga, ranar 3 ga Fabrairun 2020 alƙalai biyar suka soke zaɓen, aka sake a watan Yuni ɗan adawa Lazarus Chakwera ya ci. Alƙalan sun yi jarumta ba shakka, amma alƙali da abin da aka ajiye a gabansa yake aiki, kuma wani ne ya tsaya cikin dare da yunwa da sauro ya karɓi kwafin takardar nan. Wani abin da ke bani dariya, a 2025 mutanen Malawi suka juya suka kayar da Chakwera suka dawo da Mutharikan nan dai. Wasu sun ce to ina amfanin wahalar? Ni kuwa gani nayi abin yayi aiki kenan, wanda aka ɗora bai gamsar ba aka sauke shi ba tare da an harba bindiga ba.

Kuma kar in yi muku daɗin baki, akwai inda aka yi duk wannan kuma bai isa ba. A Benezuwela a Yulin 2024 'yan adawa sun shirya dubban 'yan sa kai, suka tattara kwafin takardun sakamako na sama da kashi 80 cikin 100 na rumfuna suka sa a intanet kowa ya gani, takardun suna nuna ɗan takararsu Edmundo Gonzalez ne a gaba da nisa, amma hukumar zaɓe tace shugaba mai ci a lokacin, Maduro, shi ne ya ci, aka kama mutane da yawa, Gonzalez ya tsere Sifen, aka rantsar da Maduro a Janairun 2025. Na daɗe ina juya wannan a raina. Abin da kawai zan iya cewa shine sun hana ƙaryar ta zauna lafiya, kuma hakan wani abu ne, amma ba zan ce wa uwar da aka kama ɗanta wai an yi nasara ba. Duk mai ce maka in ka fita zaɓe tabbas komai zai gyaru, ko bai san duniya ba ko yana neman ƙuri'arka ne.

Sai dai in na ajiye wannan a gefe ɗaya, a ɗaya gefen akwai Senegal, inda shugaba Macky Sall ya ɗage zaɓen Fabrairun 2024 ana saura makonni uku, mutane suka ƙi yarda, majalisar tsarin mulki tace ɗagewar ta saɓa doka, aka yi zaɓe ranar 24 ga Maris, Bassirou Diomaye Faye da aka sako daga kurkuku kwana goma kafin nan ya ci a zagayen farko da kashi 54. Akwai Poland a Oktoban 2023 da kashi 74 suka fita, a wata rumfa a birnin Wroclaw mutane na kan layi har wajen ƙarfe uku na dare. Akwai Koriya ta Kudu, daren 3 ga Disambar 2024 da shugaba Yoon ya ayyana dokar soja, mutanen gari suka taru a ƙofar majalisa cikin sanyi, 'yan majalisa suna haura katanga, 190 suka shiga suka kaɗa ƙuri'ar soke dokar, cikin awa shida abin ya ruguje. Irin waɗannan darare ake nunawa a talabijin. Abin da ba a nunawa shine mutanen da suka fito daren ba daga sama suka faɗo ba, akwai ƙungiyar ƙwadago, akwai ƙungiyar ɗalibai, akwai wanda yake da lambar wayar wani kuma in ya kira za a ɗauka don an saba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

In gajiyar ta dawo min, don tana dawowa, nakan tuna Fannie Lou Hamer. Baƙar fata ce mai aikin gonar auduga a jihar Mississippi ta Amurka, sai da ta kai shekara 44 a 1962 ta fara yunƙurin yin rajista, a ranar mai gonar da ta yiwa aiki shekara 18 ya koreta, a 1963 aka lakaɗa mata duka a ofishin 'yan sanda har ta samu raunin da ta mutu dashi a jiki. Bata bari ba, gida-gida suka dinga bi suna koyawa mutane yadda zasu tsallake jarrabawar da ake ɗora musu don a hana su rajista. A 1964 baƙaƙen fatar da ke da rajista a jihar basu kai kashi 7 cikin 100 ba, bayan dokar 'yancin zaɓe ta 1965, zuwa 1967 sun kai kusan kashi 60. Idan na tuna wannan sai in ji nauyin cewa wai ni layi ne ya gajiyar dani. Ba wai ina cewa gajiyarmu ba gajiya bace, kawai dai tana da ƙanne da yayye.

Wasu abubuwa na canza a rayuwata don in iya ɗorewa, ba shawara nake baku ba, labari ne. Na daina karanta labarai da daddare. Na fita daga gurup uku da babu abin da ake yi sai tura bidiyon tashin hankali da muryar wani yana kuka yana cewa an gama damu, rabin bidiyon ma na wata ƙasa ne ko na shekara biyar baya. Na daina amsa wa masu zagi gaba ɗaya, duk lokacin da hannuna yayi ƙaiƙayi sai in tura wa ɗaya daga cikin goma na saƙon gaisuwa maimakon haka. Sannan na fara zuwa zaman da ƙaramin wakilin yankinmu yake yi da jama'a, wanda a da ko sunansa ban sani ba alhali na haddace sunan ministocin ƙasashen da ban taɓa zuwa ba. Zama na farko mu bakwai ne a ɗakin harda shi da mai ɗaukar masa jaka. Nayi tambaya akan wani aiki da aka ce an ware masa kuɗi ba a yi ba, ya dube ni da mamaki kamar bai taɓa zaton wani na karanta takardun ba, ya bani amsar da bata da kai bata da gindi. A zama na gaba da ya hango ni shi ya fara kawo zancen da kansa. Aikin dai har yau ba a gama ba, kar ku ɗauka labarin yana da daɗin ƙarshe, amma yanzu ya san akwai mai tambaya, kuma mun zama goma sha biyu.

Wani abu kuma da sai da na koya da ƙyar, cikin mutum goman nan akwai aƙalla biyu da na tabbata ba ɗan takarata zasu zaɓa ba. Abokin aikina ma ya faɗa min ƙiri-ƙiri yana dariya, yace kai ka tasheni daga barci kuma kai zan kayar. Raina ya ɗan sosu wallahi, har na yi tunanin in cire shi in sa wani. Sai na tambayi kaina to me nake karewa ne, jam'iyya ko kuwa damar da kowa ke da ita ta sauke wanda bai masa ba? In jam'iyya ce to ni ɗan kamfe ne kawai, babu laifi a hakan amma in daina kiran kaina mai kare dimokuraɗiyya. Na barshi a lissafin. Muna ta musu a wurin aiki kullum, amma musun da ake yi ana kallon ido daban yake, ba ka iya kiran mutum maƙiyin ƙasa alhali jiya shi ya riƙe maka aikinka da ɗanka ba lafiya.

Zuwa yau bakwai cikin goma katinsu na hannu. Ƙanwata ta wuce ni ma, ta rubuta nata goman ba tare da na ce tayi ba, duk ƙawayenta ne, kuma ita salon nata tsiya ce da gori, tana tura musu hoton katinta tana cewa ku zauna nan, abin mamaki yana mata aiki fiye da nawa lallashin. Ɗaya daga cikin nawa ya ce min kar in sake kawo masa zancen kuma na mutunta hakan, har yanzu muna gaisawa. Ɗaya tayi tafiya. Saura na takwas a jerin, wani ƙanin abokina, sau huɗu yana ce min "Yaya gobe insha Allah" kuma goben bata zuwa, jiya na kira bai ɗauka ba, ya turo min saƙo wai yana wani uzuri. An ce ranar Juma'a mai zuwa za a rufe rajistar wannan zangon, don haka na faɗa wa yayansa ya gaya masa Talata da sassafe ina ƙofar gidansu, in yana barci zan jira.